Waya a Aljihu, Na'urar Ceto a Ƙirji: Amsoshin Tambayoyinku Kan Zaftarewar Dusar Ƙanƙara

Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Legas. Ko Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya da mita 2,419, ba ta sauka a kansa. Amma 'ya'yanmu da ƙannenmu sun bazu a Kanada, Turkiyya, Jojiya da Jamus, wasu karatu wasu neman abinci, kuma da hunturu ya kama abokai kan ja su hawan dutse. Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowar duk sun taɓo wayar hannu da na'urar da ake gano wanda dusar ƙanƙara ta binne da ita, wadda za mu riƙa kira na'urar ceto.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Calgary ta ƙasar Kanada. Ya ce in tura masa kuɗi zai sayi wata na'ura da shebur da wata sanda, wai za su shiga duwatsu wasan zamiya. To ba ga wayarsa mai tsada ba, wadda ko daga nan ina ganin inda yake a taswira? Ba almubazzaranci ba ne wannan? (Wata uwa daga Agege)

Hajiya, ki fara tambayarsa inda za su. Idan cikin filin wasan da aka kewaye ne, irin na Lake Louise, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan: suna duba gangaren da sassafe, su tayar da dusar da ke da haɗari da nakiya, su rufe inda bai aminta ba. Amma idan za su tsallake igiyar iyaka su shiga dawa, to ki tura kuɗin ko ki hana shi tafiyar. Tafiya da waya kaɗai ba ta cikin zaɓi.

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba, kuma aiki biyu take yi: aikawa da nema. Kowa a cikin tawaga yana ɗaura tasa a jiki, a kunne a kan aikawa, tana fitar da sigina kusan sau ɗaya a kowace daƙiƙa a kan kilohaz 457. Da dusa ta binne mutum ɗaya, sauran sai su juya nasu zuwa nema, na'urar ta nuna musu kibiya da lambar nisa. Wani injiniya mai suna John Lawton ne ya ƙera ta farko a 1968 a Buffalo ta jihar New York, kuma daga 1986 aka amince da 457 a matsayin zango na bai ɗaya. Saboda haka na'urar kowane kamfani tana jin ta kowane kamfani.

Abin da ya sa waya ba za ta tsaya a madadinta ba shi ne lokaci. Binciken da aka yi a kan alƙaluman ƙasar Suwizalan, wanda aka wallafa a 1994, ya nuna cewa cikin mutum goma da aka tono a minti 15 na farko, tara suna fitowa da rai. Zuwa minti 35 kuwa sai adadin ya faɗo kusan uku cikin goma. Alƙaluman Kanada, inda ɗanki yake, sun nuna faɗuwar tana farawa tun kusan minti 10. Kusan kashi uku cikin huɗu na masu mutuwa shaƙewa ce ke kashe su, ba sanyi ba: dusa ta cika baki da hanci, ko kuma mutum ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar har ta gama da shi. Sauran yawanci buguwa ce da itace ko dutse. Kafin a kira, a tada helikwafta, ta iso ta sami wurin sauka, mintunan nan galibi sun wuce. Abokan da ke tsaye a wurin su ne masu ceton.

Ɗigon da kike gani a taswira kuma yana buƙatar abu biyu da babu su a ƙarƙashin dusa a cikin dawa: sararin sama da wayar za ta ji tauraron ɗan'adam, da sabis da za ta aiko da saƙon. Ko an samu duka biyun, kuskuren mita biyar ba komai ba ne ga taswirar waya. Da'irar da ta kai mita biyar ta kowane gefe ta kusa murabba'in mita 80. Dusar da ta zaftare tana daskarewa da zarar ta tsaya, kuma tono mutum ɗaya da ke zurfin mita ɗaya yana nufin kwashe fiye da tan ɗaya, wato nauyin buhun siminti 20 da ɗoriya. Ba wanda zai tone murabba'in mita 80 a minti goma. Na'urar tana kai mai nema kusa da taku ɗaya, sandar ta tabbatar da wurin, shebur ya gama aikin. Ɗaya ba ya amfani ba tare da sauran biyun ba.

Ki ƙara masa da sharaɗi guda: ya yi kwas ɗin farko na hukumar Avalanche Canada, wanda ake kira AST 1, kafin ya taka dawa. Kwana biyu ne zuwa uku. Kayan da ba a koyi aiki da su ba nauyi ne kawai a jaka.

Tambaya: Ni mai gyaran waya ne. Na san waya tana aiki a kan megahaz 900, 1800 zuwa sama. Ta yaya za ta dami abin da ke kan kilohaz 457? Ni dai ina ganin tsoratarwa ce ta masu sayar da kaya. (Wani mai gyara a Computer Village, Ikeja)

Malam, lissafinka daidai ne a kan siginar kira, sai dai ba ita ce matsalar ba. Matsalar tana cikin allon da kake buɗewa kullum. Sassan da ke ɗaga wutar batir ko rage ta domin fuskar waya da ƙwaƙwalwarta suna kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, kuma ƙazantar da suke zubarwa tana bazuwa har ƙananan zanguna. Fuskar waya in tana haske, da kyamara in tana ɗauka, su ne kan gaba. Ka gwada a shagonka: ɗauki ƙaramar rediyo, ka kai ta ƙarshen matsakaicin zango ta ƙasa, wajen 530, inda babu tasha, sannan ka kunna fuskar waya ka manna ta da rediyon. Za ka ji tsuwa da shuu. Ka ja ta baya taku ɗaya, ƙarar ta ɓace. Kilohaz 457 yana dab da ƙasan wurin nan ne.

Illar kala biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

A lokacin aikawa, eriyar na'urar ceto siririyar wayar lantarki ce da aka naɗe a kan sandar ferayit, irin wadda ke cikin rediyo, an daidaita ta a kan zango ɗaya tak. Duk wani ƙarfe da ya manne da ita, ko waya ce, ko wuƙa, ko gwangwanin lemo, ko takardar alminiyam ta cakulan, yana karkatar da daidaiton, siginar ta raunana. Wanda da za a ji shi daga mita 50 sai an matso sosai kafin a ji shi. Maganaɗisu kuma ya taɓa kawo cikas ga makunnin wasu na'urori, ga shi tun iPhone 12 na 2020 ana saka zoben maganaɗisu a bayan wayoyi da rigunansu, haka ma maɓallan wasu rigunan sanyi. Ƙa'idar a nan santimita 20 ce tsakanin na'ura da duk wani ƙarfe ko kayan lantarki.

A lokacin nema ne abin ya fi muni. Na'urar tana kasa kunne ne ga sigina mai rauni ƙwarai, wadda ƙarfinta ke faɗuwa da sauri sosai da nisa: in nisa ya ninka biyu, ƙarfin maganaɗisun siginar yana komawa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Waya mai haske a aljihun ƙirji tana iya danne ta gaba ɗaya. Abin da mai nema zai gani shi ne kibiya tana rawa, lamba tana tsalle daga 12 zuwa 40, ko na'urar ta nuna akwai mutum na biyu a binne alhali babu. Wani lokaci ma ba ta nuna komai, nisan jinta ne kawai ya ragu, mai nema ya wuce ta gefen abokinsa bai sani ba. Wannan na ƙarshen shi ne ya fi ba mu tsoro, domin babu alamar da za ta gargaɗe ka. Ƙa'idar nema santimita 50 ce, kuma abin da ya fi shi ne a kashe wayar ɗungurungum.

Daga nan za ka gane dalilin da ya sa saka waya a tsarin jirgin sama bai wadatar ba. Yana kashe siginar kira, ya kuma rage cin batir, amma fuska da ƙwaƙwalwa suna nan suna aiki da zarar an taɓa ta. Ba waya kaɗai ba ce kuma. Agogon zamani, kyamarar da ake ɗaurawa a ƙirji, fitilar goshi, rediyon oba-oba, da safar hannu ko riga masu ɗumama jiki da batir duk suna cikin jerin. Safar mai batir ta fi kowanne sharri, tunda ita ce ke riƙe da na'urar kai tsaye. Mai agogon zamani ya riƙe na'urar da ɗaya hannun. Kusa da manyan wayoyin wuta ko injin ɗaukar mutane zuwa saman dutse, ƙazantar daga waje take zuwa, maganinta shi ne a rage faɗin layin nema zuwa mita 20 ko ƙasa da haka.

Tambaya: Zan tafi Gudauri ta ƙasar Jojiya da abokan karatuna, kuma sun ce akwai ranar da za mu fita wajen fili tare da jagora. A ina zan sa wayata? In abin ya faru, Allah ya kiyaye, kira zan fara yi ko nema? (Wani ɗalibi daga Idi-Araba)

Amin. Na'urar tana zuwa da maɗaurinta. Ka ɗaura shi a kan rigar ciki, sauran riguna su rufe shi, fuskar na'urar tana kallon jikinka. Dalili shi ne zaftarewa tana yage rigar sama da jakar baya, shi ya sa ba a taɓa sa na'urar a jaka. In ka fi son aljihun wando, ya zama aljihun ciki mai zif, an ɗaure igiyar na'urar a jikinsa, kuma babu komai a ciki sai ita. Wayar sai ta koma ɗaya ɓangaren: na'ura a haƙarƙarin hagu, waya a aljihun cinyar dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauki hoto, hannunsa ya yi sanyi, ya cusa wayar a aljihun ƙirjin riga, daidai kan na'urar.

Kafin a tashi, jagora zai tsaya ya sa kowa ya wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya, yana tabbatar da kowace na'ura tana aikawa. Jagoran da bai yi wannan ba, ka tambaye shi dalili a gaban kowa. Ba rashin kunya ba ne.

In dusa ta tafi da wani, kada idonka ya bar kansa har ya ɓace, ka riƙe wurin da ka gan shi na ƙarshe, domin ƙasa da nan za a nema. Ka ɗaga kai ka duba ko saura dusa a sama da za ta biyo baya. A watan Fabrairun 2020, a lardin Van na Turkiyya, zaftarewa ta biyu ta faɗa wa masu aikin ceton ta farko, mutum fiye da 40 suka rasu a duka biyun. Saboda irin wannan ne na'urorin yanzu suke komawa aikawa da kansu in mai nema ya daina motsi na ɗan lokaci.

Mutum ɗaya ya zama mai ba da umarni, ya ƙirga mutane a san nawa suka ɓace. Kowa ya juya na'urarsa daga aikawa. Mutum ɗaya da ya manta tasa a kan aikawa ya isa ya sa masu nema su yi ta zagaye shi. Kowa ya kashe waya, sai mai kira kaɗai, shi kuma ya ja gefe aƙalla mita 10 daga masu nema, wasu masu koyarwa ma 25 suke cewa. Lambar gaggawa a Jojiya 112 ce, kamar Turkiyya da ƙasashen Tarayyar Turai. A Suwizalan akwai 1414 ta jiragen ceto na Rega, a Ostiriya 140, a Amurka da Kanada 911. Mai kira ya faɗi wurin da lambobin taswira, ƙarfe nawa abin ya faru, mutum nawa ke binne, da ko akwai hazo ko iska da za su hana helikwafta sauka. In ku biyu ne kacal kuma abokinka ne a ƙasa, nema da tono su ne gaba. Minti uku da za ka ɓata kana ɗaga waya sama neman sabis, daga numfashinsa ka cire su.

Neman kansa yana tafiya ne daga gudu zuwa rarrafe. Da farko ka bi tarin dusar layi-layi da sauri, da faɗin da kamfanin na'urarka ya rubuta a bayanta, yawanci tsakanin mita 40 da 70, idonka na neman safar hannu ko sandar zamiya da ta leƙo. Da ka kama sigina, ka bi kibiya. Za ta kai ka ta lanƙwasa, ba a miƙe ba, haka siginar take tafiya, kada ka yi gardama da ita. Lamba ce alƙali: in tana raguwa ka ci gaba, in tana ƙaruwa ka juya baya gaba ɗaya. Daga mita 10 ka rage sauri. Daga mita 3 ka durƙusa, ka kawo na'urar dab da dusa, kada ka ƙara juya ta. Ka tura ta gaba har lamba ta fara hawa, ka dawo inda ta fi ƙanƙanta, ka yi haka hagu da dama sau ɗaya. Masu koyo suna ɓata lokaci a nan suna neman 0.8 ta koma 0.7. Ba a buƙata. Ka ciro sanda.

Sandar zungura tana da tsawon santimita 240 zuwa 320, tana harhaɗuwa da jan igiya ɗaya. Ka soka ta a inda lamba ta fi ƙanƙanta, a tsaye bisa fuskar gangaren, ka riƙa faɗaɗawa kamar da'ira, santimita 25 tsakanin suka da suka. Jikin mutum yana da taushi mai ɗan turjiya, daban da dutse ko ƙasa. Da ka taɓa shi ka bar sandar a wurin. Kada ka tona daga samansa, za ka danne ɗan sararin da yake numfashi. Ka sauko ƙasan gangaren da nisan da ya kai zurfinsa sau ɗaya da rabi, ka tona ka nufi bakin sandar. Na gaba yana sara dusar gunduwa-gunduwa, na baya suna share ta, ana canza na gaba duk bayan 'yan mintuna kafin ƙarfinsa ya ƙare. Shebur ya zama na ƙarfe, na roba karyewa yake yi. Tono ne ya fi cin lokaci a cikin aikin duka.

Kai da ƙirji ake fara buɗewa. A share baki da hanci. In ba ya numfashi, a hura masa iska sau 5, sannan a shiga danna ƙirji 30 da hurawa 2. In yana numfashi, a raba shi da dusa da shimfiɗa a ƙasansa, a lulluɓe shi, a motsa shi a hankali.

Duk wannan bayan an yi kuskure ne. Inda wayarka ta fi amfani shi ne daren da ya gabaci tafiya. Ana auna haɗarin zaftarewa daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma a Suwizalan kusan rabin mace-macen a mataki na 3 suke faruwa, saboda 4 da 5 suna tsorata mutane su zauna a gida, 3 kuwa kamar tsaka-tsaki take a ido. Yawancin zaftarewa a gangare mai digiri 30 zuwa 45 take tashi, kuma a kusan tara cikin goma, wanda abin ya shafa ko wani a tawagarsa ne ya tayar da ita da nauyinsa. Ka tambayi jagora matakin ranar da kuma tsinin gangaren da zai bi da ku.

Tambaya: Na ga wata manhaja da ta ce tana mayar da waya na'urar gano wanda aka binne. In sauke? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Obalende)

A'a, 'yar'uwa. Babu waya mai eriyar kilohaz 457. Irin waɗannan manhajoji da Bluetooth ko Wi-Fi suke aiki, a kan gigahaz 2.4, wanda ruwan da ke cikin dusa da jikin mutum ke shanyewa, kuma wayar da ke da manhaja iri ɗaya kaɗai suke gani. Na'urar masu ceto ba za ta ji ki ba. Cibiyar kula da zaftarewa ta Kanada ta fitar da gargaɗi a kansu tun 2013. Manhajojin da suka cancanci wuri a wayarki su ne na hasashe da taswira, irin White Risk ta SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da ke Davos a Suwizalan, ko Varsom ta ƙasar Norway.

Tambaya: Na sayi rigar sanyi a gwanjo, a hannunta an rubuta RECCO. Mai kayan ya ce in dusa ta binne ni za a gano ni da ita. Gaskiya ne? (Wani ɗan kasuwa daga Katangowa)

Rabin gaskiya ya faɗa maka, Alhaji. RECCO fasahar ƙasar Suwidin ce da ta fito a 1983. Abin da ke cikin rigar ɗan ƙaramin ƙarfe ne marar batir, wanda ke mayar da sigina in an haska shi da wani injin na musamman. Injin yana hannun ma'aikatan filin wasa da jiragen ceto ne kawai. Abokan tafiyarka ba su da shi, na'urar cetonsu kuma ba ta jin rigar. Sai masu injin sun iso, kuma ka riga ka ji abin da muka faɗa wa Hajiya game da mintuna. Ka sa rigarka, ba ta damun na'urar ceto, amma kada ka lissafa ta a cikin kayan kariya.

Tambaya: An ce waya tana mutuwa a sanyi ko da cajinta bai ƙare ba. Kuma in babu sabis fa? (Wani direba daga Apapa, mai shirin zuwa wurin ƙaninsa a Ostiriya)

Haka ne. Sanyi yana rage gudun sinadaran batirin litiyam, ƙarfin wutar ya faɗi, waya ta ɗauka caji ya ƙare ta kashe kanta alhali tana nuna 30 ko 40. In ta ji ɗumi takan farfaɗo. Ka ajiye ta a aljihun ciki kusa da jiki, a ɓangaren da babu na'urar ceto, ka sa ta a tsarin jirgin sama don kada ta ƙone caji wajen farautar sabis, ka sauke taswirar yankin tun kana masauki. Kada ka yi mata caji tana daskare, yana lalata batirin, ka bari ta ɗumama. Fawa bank da igiyar cajinsa su zauna a jaka.

A Turai 112 tana bi ta kowane layin da ke da sabis a wurin, ko ba naka ba. In babu ko ɗaya, sai tauraron ɗan'adam. Wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama suna aika saƙon gaggawa ta tauraro tun Nuwamban 2022, amma ba a kowace ƙasa ba, kuma sai an ga sarari. Na'urori irin Garmin inReach suna bi ta taurarin Iridium da kuɗin wata. Ka bincika dokar ƙasar da za ka, Indiya alal misali tana kama mutane a kan shiga da su ba izini. Duk waɗannan kiran taimako suke yi, ba sa gano wanda ke ƙarƙashin dusa, kuma ƙa'idar santimita 20 da 50 ta hau kansu.

Tambaya: In sayi na'urar ceto ta gwanjo ta intanet don rangwame? Kuma in na dawo Legas yaya zan adana ta har baɗi? (Wani injiniya daga Yaba)

Injiniya, wannan kayan ba a yi masa tokunbo sai da bincike. Sandar ferayit tana tsagewa in na'ura ta faɗi a kan siminti, kuma ba a gani daga waje. Tsofaffin na'urori suna zamewa daga zangonsu, alhali ƙa'ida ta yarda da kaucewar haz 80 ne kawai sama ko ƙasa da 457, sai sabbin na'urori su kasa jin su da kyau. Kada ka sayi mai eriya ɗaya ko biyu. Na dijital sun fara fitowa ne a 1997, kuma abin da ake amfani da shi yau mai eriya uku ne, ta ukun ita ke gyara lissafi in mutum yana da zurfi. Ka duba lambar na'urar a shafin kamfanin ko an taɓa janye irinta. A 2021 an yi kiranyen wasu samfuran Pieps DSP saboda makunninsu na iya gocewa daga aikawa. In tafiyar ta mako ɗaya ce, haya a can ta fi sauƙi, kuma ta fi aminci.

Batir ƙananan alkalin ne, yawanci AAA, sababbi, na kamfani ɗaya, a canza su gaba ɗaya. Batirin tocila na kan tebur ba ya ciki. Masu caji ma a bar su, domin ƙarfinsu yana tsayawa cak sannan ya faɗi lokaci guda, ma'aunin na'urar ya yi ta nuna akwai saura. Na litiyam sai in littafin na'urar ya yarda. Ƙa'idar ƙera su ta ce sabon batir ya ɗauki awa 200 na aikawa, ya kuma rage ƙarfin nema na awa ɗaya. Da ma'auni ya sauko wajen rabi ka canza, ragowar ka sa a rimot.

Da ka sauka Legas ka cire batiran a ranar. Zafi da laimar garin nan, ga iskar gishiri ga na kusa da teku, suna sa batir ya yi yoyo ya cinye ƙarafan ciki. Ka sa na'urar a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, nesa da lasifika da duk wani maganaɗisu. A filin jirgin Murtala Muhammed, shebur da sanda a babban akwati, fawa bank a jakar hannu. Jakar iska mai tukunyar gas kuwa, wato jakar baya da ke kumbura don rage yiwuwar dusa ta binne mutum, sai da amincewar kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya.

Tambaya: Mu nan gini ne ke binne mutane, kamar benen Ikoyi. Wannan na'urar ba za ta yi mana amfani ba? (Wani birkila daga Mile 12)

Malam, na'urar ba ta jin jikin mutum, 'yar'uwarta kawai take ji. Da za ta yi aiki a benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard ranar 1 ga Nuwamban 2021, wanda ya ci rayuka fiye da 40, sai in kowane lebura yana ɗaure da tasa a kunne. Ko da haka, rodi da wayoyin wuta da ke cikin ɓaraguzai za su karkatar da siginar. A gini ana amfani da karnuka, da na'urorin sauraron motsi, da kyamarar da ake zurawa ta rami.

A nan kam waya tana da amfani, domin cikin gari akwai sabis kuma wanda ya sami sarari a ƙarƙashin gini yana iya kwanaki da rai. Wanda ya maƙale ya kira 112 ko 767 ta jihar Legas, in kira bai shiga ba ya tura saƙon tes ga na waje, yana shiga da sabis kaɗan. Ya faɗi hawan da yake da ɓangaren ginin, ya rage hasken fuskar wayar, ya kashe data. Ya rufe hanci da baki da riga saboda ƙura, ya riƙa buga bututu ko ƙarfe sau uku yana tsayawa, domin ihu yana cinye ƙarfi ya cika ƙirji da ƙura. 'Yan'uwa da ke waje su wakilta mutum ɗaya ya riƙa magana da shi, kada kowa ya yi ta kira har batirin ya mutu. Su ba jami'an LASEMA, hukumar agajin gaggawa ta jihar Legas, lambarsa, domin in an tsayar da injina da janareta aka ce kowa ya yi shiru, a lokacin ne ƙarar wayar za ta nuna inda za a fara tono.